Bube Mai Jin Maganar Ƙarfe

Ni mai injin niƙa ne a Yashe, sunana Dawuda, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na yabon mutum da arha. Wanda ya wuni cikin ƙarar inji da ƙurar gari, mata na caccakarsa wai garinsu bai yi laushi ba, ina zai samu sauran bakin yabo? Amma in aka ambaci Bube na shagon Alhaji Harisu da ke bakin titin Kankia, sai in gyara zama. Na ga masu aikin ƙarfe daga nan har Kano, ban ga irinsa ba, kuma ba na jin zan gani.

Bafulatani ne daga wata ruga a gefen Kaikai, dogo, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ke tsoron tada jariri. Har ya yi aure yana bin shanu. Shekarar da ciwon huhu ya shiga garkensu, abin da ya rage bai isa rabo ba, sai ya bar wa ƙannensa, ya biyo matarsa Nagoggo zuwa Kankia, inda take kawo nono tasha. Alhaji Harisu, mai shagon walda da gyaran injuna, ya ɗauke shi shara da ɗaukar kaya. Mutane suka samu abin tsokana, suna tambayarsa ko ƙarfen ma tatsarsa zai yi. Shi dai murmushi kawai yake, ya ci gaba da shararsa.

Ana nan Alhaji ya sayo wani tsohon injin huda ƙarfe daga wata masana'anta da ta rufe a Kano. Injin ya fi mutum tsayi. Yana da tebur na ƙarfe da ake murɗawa ya yi gaba ko baya, hagu ko dama, sannan a samansa akwai murfi, a ƙarƙashin murfin kuma fuli, wato faya-fayai masu hawa-hawa da bel ke juyawa a kansu. Hawan da ka ɗora bel a kai, shi ke yanke gudun bakin da ke cin ƙarfe. Yana huda, yana kuma fere fuskar ƙarfe ta koma sumul. Da akwai ɗan allo a jikinsa mai nuna gudun kowane hawa, amma tsufa ya goge shi tas. Wani dattijo da ya yi aiki da injin a can ya biyo shi don ya kafa shi ya koyar, kuma cikin duk mutanen shagon, mai sharar nan ne kaɗai ya iya yin shiru ya saurara. Da dattijon zai koma gida, ya ce wa Alhaji kada ya bar kowa ya taɓa makunnin sai Bube.

Farkon haɗuwata da shi faɗa na yi masa. Na kawo wani faifan ƙarfe a huda mini, ga mata can Yashe sun jera kwanuka suna jirana, shi kuwa ya sa injin yana juyawa a hankali har kana iya bin bakin da ido. Na ce masa ko dizal ɗin nasa ne yake tattali, ya ƙara wuta mana in tafi. Ko kallona bai yi ba.

"Bijimi ba ya gudun maraƙi, Dawuda," ya ce. "In kana sauri, zauna."

Na zauna ina huci, kuma a zaman nan na fara ganin abin da har yau yake ba ni mamaki. Baki mai kauri a hankali yake tafiyar da shi, siriri kuma da sauri. Ƙarfe mai tauri ya rage masa gudu, alminiyom ya sakar masa. Wannan kowa zai iya haddacewa. Abin da ba ya haddatuwa shi ne yadda yake sanin daidai. Zai kashe inji, ya jira ya tsaya cak, ya zare waya, ya buɗe murfi, ya matsar da bel hawa ɗaya, ya rufe, ya kunna, ya sauke bakin ya ɗan taɓa ƙarfen, sannan ya karkata kai. In gudu ya yi yawa, ya ce injin kuka yake, kuma ba a jimawa bakin zai yi zafi ya koma shuɗi ya dakushe. In an danna fiye da kima, gurnani yake, tebur na rawa. In an dace, sauti ɗaya ne mai daɗi, ɓawon ƙarfe na fitowa a nannaɗe yana sheƙi. Ni da nake zaune kusa, ƙara kawai nake ji. Shi kuwa yana jin bambancin tun ƙarfen bai yi ɗumi ba, yadda makiyayi ke jin tarin saniya ɗaya cikin garke.

Ga kuma dokokinsa, waɗanda suka sa wasu ke ce masa mai tsirfa. Riga mai gajeren hannu yake sawa, ba agogo, ba zobe, carbinsa ma a ƙusa yake rataye shi bakin ƙofa. Ba ya sa safar hannu, ya ce in bakin ya kama safa, da hannun zai tafi. Ba ya riƙe ƙarfe da hannu yana huda, ko ƙanƙani ne sai ya ɗaure shi tam a tebur. Makullin da ake ɗaure bakin da shi, a aljihunsa yake kwana, bai taɓa barinsa a jiki ba. Ɓawon ƙarfe da ɗan buroshi yake share shi, shi ma sai inji ya tsaya. Bel ɗin kuma ba ya ja masa wuya sosai, yana barin ɗan sassauci, don in wani abu ya cije, bel ya zame maimakon inji ya yi ƙarfi da shi.

Babbar dokar ita ce ta wani dogon ƙarfe da ya shimfiɗa a ƙasa tsakanin injin da ƙofa. Ba mai tsallake shi inji na juyawa. Mu kuwa mutanen nan, kowa da babbar riga, kowa da mayafi, kowa na son ya leƙa ya gani da idonsa. To Bube kunnensa ɗaya na kan ƙarfe, ɗaya na kan ƙofa. Da ya ji sallama zai kashe inji, ya juyo, ya amsa, ya dubi abin da mutum ya sa, sannan a yi magana. Ko akuya ce ta shigo, kafin ta kai ƙarfen nan ya ji takunta. Shekaru masu yawa ya yi a kan injin, ɗigon jini bai taɓa zuba a teburinsa ba. Wanda ya san shagunan ƙarfe, ya san yatsu nawa suka tafi a cikinsu, shi zai gane abin da nake faɗa.

Sai kunnen ya fara tafiya. Mu masu niƙa ma duk rabin kurame ne, don haka ban lura da wuri ba. Ƙarar janareto da injin wasa ƙarfe, shekara da shekaru, su suka cinye shi a hankali. Da farko sai an maimaita masa magana. Daga baya sai an tsaya gabansa yana kallon baki, ko a kai baki kunnensa a ɗaga murya. Nagoggo ta kai shi asibiti a Katsina, aka ce abin da ya tafi ba zai dawo ba.

Alhaji Harisu mutumin kirki ne, kuma yana ƙaunar Bube kamar ɗan'uwa, amma shago nasa ne. Ya kira shi ya ce zai mai da shi kula da kayan aiki, albashinsa ba zai ragu ba, a nemo wani ya kama injin. Ranar na ga Bube zaune a benci, hannuwa a cinya, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ba kuɗin ne ya dame shi ba. Ya rasa shanu sau ɗaya, ya samu abin da ya maye masa gurbinsu, ga shi za a sake raba shi da shi.

Da ya dawo aiki, sai ya zo da tsohuwar sandarsa ta kiwo. Ya yanke guntu kamar kamu ɗaya, ya ɗaure shi da ƙarfe a gefen kan injin, nesa da inda ke juyawa, ya kunna, ya jingina ƙashin bayan kunnensa a ƙarshen itacen, ya lumshe ido. Muna kallo ya matsar da bel, ya sake jinginawa, ya gyaɗa kai. Wai ta ƙashi yake ji. Na gwada da kaina, ban ji komai ba sai haƙorana na kaɗawa. Shi kuwa ya ce yanzu ma ya fi jin ƙarfen, tunda surutunmu ya daina shiga tsakani. Alhaji ya bar maganar a rataye, bai yanke hukunci ba. Abu ɗaya ba wanda ya kula da shi: in Bube ya jingina a itacen nan, bayansa ne ke fuskantar ƙofa.

Da kaka, lokacin da ko'ina biki ne kuma kwanuka sun fi yawa a ƙofata, wani babban noti ya karye a cikin kan injina, ya bar gindinsa a binne. Wannan aiki ne da masu gyara ke gudu. Notin ya fi ƙarfen da ke kewaye da shi tauri, in bakin huda ya kauce ko da kaurin gashi, sai ya bar notin ya ci kan injin, ga kuma hanyar ruwan sanyaya inji a maƙwabtaka. In ta ɓule, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Injin kuwa tsoho ne, na mahaifina, irin kansa ba ya samuwa a kasuwa. Na kwance kan na ɗauko shi a bayan babur ranar Juma'a na kawo Kankia.

Alhaji ya duba ya ce wannan aikin shi zai raba gardama. In Bube ya fitar da notin lafiya, ba zai ƙara ta da maganar kunne ba. In ya ɓata, ya haƙura da injin hudar. Aka faɗa wa Bube a kunne, ya ce ya yarda. Ni kuma aka sa injin gidanmu a tsakiya ba wanda ya tambaye ni, amma ban damu ba, don ko an tambaye ni hannunsa zan zaɓa.

Bayan an sauko daga masallaci Bube ya tuɓe rigar Juma'a, ya sa ta aiki, ya sa tabarau. Labari ya zaga, 'yan walda da direbobin tasha suka cika ƙofa, duk muka jera a bayan dogon ƙarfen. Ya daɗe yana ɗaure kan injina a tebur, yana aunawa, yana kwancewa, yana sake ɗaurewa, har na fara jin haushin nan nawa na tasowa. Ya fara fere saman notin da ya karye ya yi lebur. Ya nemo tsakiyarsa. Ya sa siririn baki da gudu, ya huda, yana ɗiga baƙin mai. Ya kashe, ya zare waya, ya sauya baki mai ɗan kauri, ya sauko da bel, ya sake jingina kai. Haka ya yi ta yi, baki na ƙara kauri, gudu na raguwa, har ya kai na ƙarshe, wanda zai bar notin kamar ɓawon gyaɗa a cikin ramin. Wurin ya yi tsit, in ban da janareto. Na ga direban da ba ya minti ɗaya bai yi ashar ba ya buɗe baki yana kallo kamar yaro.

A nan ne Malam Babba ya iso. Yayan mahaifina ne, shi ne babba a gidanmu, ya zo Juma'a Kankia ya ce bari ya biyo ya ga abin da ake yi wa injin ƙaninsa. Tsoho ne mai ji da gaisuwa, wanda ke iya shekara yana riƙe da mutum don ya wuce shi bai rusuna ba. Ya sha sabuwar babbar riga ta shadda, hannuwanta na jan iska. Ya yi sallama, muka amsa, muka ba shi hanya. Amma shi amsar mai aikin yake jira. Ya matsa ya sake yi da ƙarfi. Bube na jingine, ido a kan ramin, bayansa gare mu.

"Wanga wane irin mutum ne?" tsohon ya ce. "Ana mashi sallama shina ji shi yi banza da mutane?"

Alhaji ya rusuna ya fara yi masa bayani cewa mutumin ba ya ji, amma janareto ya cinye rabin maganar, sauran rabin kuma tsohon bai tsaya saurare ba. Ya tsallake ƙarfen. Muna cewa Baba a dakata, Baba a ja baya, da murya irin ta ladabi, wadda ba ta tsai da kowa. Maza sun fi goma a wurin, kowa na ganin hannun rigar nan na lilo, amma wa zai kama rigar dattijo ya fizgo shi a gaban jama'a? Wannan kunyar tamu wata rana sai ta kashe mutum.

Tsohon ya miƙa hannu ta saman tebur zai taɓa kafaɗar Bube. Wani dogon ɓawon ƙarfe da ke juyawa tare da bakin ya laso gefen hannun rigar.

Abin da na gani ke nan, kuma zan faɗe shi a ko'ina. Kafin tsohon ya san an kama shi, kafin ɗayanmu ya buɗe baki, tafin hannun Bube ya riga ya daki makunni. Bai juyo ba tukuna, bai ga kowa ba. Shaddar ta naɗe bakin sau ɗaya, bel ya yi ƙara ya zame, inji ya tsaya. Malam Babba ya tsinci kansa a sunkuye, gemunsa dab da tebur, hannunsa bai fi faɗin yatsu huɗu da bakin ba. Da a ce gudun nan na siririn baki ne, ko bel ɗin a ɗaure yake tam, da ba wannan labarin nake bayarwa ba.

Bube ya zare waya, ya juya bakin baya da hannu, ya warware rigar a hankali, ya riƙe tsohon har benci. Ko ƙwarzane babu, sai yagewar shadda. Malam Babba ya zauna yana salati. Jama'a kuwa suka ɓarke. Kowa na faɗin abu ɗaya: mutumin da ba ya jin kiran sunansa ya ji zaren riga ya taɓa ƙarfe. Ni kaina idona ya kawo ruwa, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Bube kuwa ya koma kan aikinsa. Ya duba ramin ya ga bakin bai kauce ba. Ya nuna wa Alhaji ƙofa da hannu, alamar ya tsaya a nan kada kowa ya wuce. Ya kunna, ya jingina, ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Da ya kashe, ya sa wani tsinken ƙarfe ya zaƙulo ragowar notin, ta fito a murɗe kamar waya. Ya hure ramin, ya ɗauko sabon noti, ya murɗa shi da yatsu biyu, ya shige har gindi ba tare da ya cije ko sau ɗaya ba.

Alhaji Harisu ya rungume shi. Ya kai baki kunnensa ya ce magana ta ƙare, injin nasa ne har ranar da ya ga dama, kuma ya faɗa da ƙarfi yadda duk muka ji. Na ɗauka zan ga haƙoran Bube. Sai ya janye jikinsa, ya zo gabana, ya dubi bakina yadda ya saba in yana son ya gane magana.

"Dawuda, tsohon nan ya yi sallama?"

Na gyaɗa kai.

"Daga ƙofa, ko sai da ya matso?"

Na nuna masa ƙofa, na nuna tsakiyar shago, na nuna inda dogon ƙarfen yake. Ya bi yatsana da ido, wuri bayan wuri.

"Na ji rigar," ya ce. "Mutumin ne ban ji ba."

Alhaji ya fara cewa ai za a sa ƙofa, za a sa mai tsaro, za a juya injin ya fuskanci waje. Bube na kallon bakinsa har ya gama. Sannan Bube ya ce yau tsoho ne mai babbar riga, kuma Allah ya sa inji na tafiyar bijimi. Gobe yarinya ce mai tallan gyaɗa da ɗan mayafinta, ranar da bel ke sama, ranar da mai tsaron ya zaga bayan shago. Ya ce shi ya roƙi a bar masa injin don yana ganin aikin tsakaninsa da ƙarfe ne, ashe rabinsa na ƙofa ne, kuma wannan rabin babu itacen da zai jiyar da shi.

Ya buɗe murfi ya sauke bel daga kan fuli. Ya share tebur da buroshinsa, ya shafa masa mai. Ya ciro makullin nan daga aljihu ya sa a tafin hannun Alhaji, ya naɗe masa yatsu a kai. Ya je gaban Malam Babba ya durƙusa har ƙasa, ya ce Baba a yafe masa, sallamar da aka yi masa bai amsa ba, ga amsarta yanzu, ya kuwa amsa ta cikakkiya. Tsohon ya ɗora masa hannu a ka, bakinsa na motsi.

Na ga mutanen da aka kora daga aiki, na ga waɗanda suka bari don sun gaza. Ban taɓa ganin wanda ya ci gardama a gaban jama'a, aka miƙa masa abin da ya fi so a duniya, sannan ya yanke wa kansa hukuncin da ba wanda ya nema ba. Bai ƙara taɓa makunnin nan ba. Yana Kaikai yanzu, yana noma gero da 'yan awakinsa.

Amma ranar, da ya sa rigarsa ta Juma'a ya fita, Alhaji ya tsaya riƙe da makulli kamar an dasa shi. Can ya farga, ya ruga ƙofa yana ƙwala masa kira, Bube, Bube, har masu shaguna suka leƙo. Bube na tafiya gefen titi wajen tasha, inda Nagoggo ke zama da ƙwaryarta. Bai waiwayo ba, kuma duk mun san ba raini ba ne.